Yadda Ubangiji Ya Zaunar Da Ni A Dutsin-Ma

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ku amsa da ƙarfi, don yau bakina ba ya rufuwa!

Sunana Rifkatu. Da yawanku kun san ni da ɗinki a bakin kasuwa, amma ba kowa ya san ni ba 'yar ƙasar nan ba ce. A Garwa ta Kamaru aka haife ni. Aure ne ya kawo ni, na auri wani malamin makaranta ɗan Kurfi, kuma ta dalilinsa aka ba ni takardar izinin zama. Allah ya ba mu 'ya ɗaya, Alheri.

Auren ya mutu. Ba zan ɗora masa laifin duka ba, ni ma a lokacin bakina ya fi almakashina kaifi. Ranar da kotu ta raba mu, wata mata ta ce mini, “Kin san takardarki a wuyansa take rataye? Ba miji, ba zama. Ke za a kora, yarinya kuwa ta ubanta ce.”

'Yan'uwa, daga ranar na zama ɓarauniyar da ba ta saci komai ba. Na daina zuwa sujada. Wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce Yola. Rannan na hango mai kaki ya nufo shagona, na tsallake keken ɗinki na ɓuya a bayan buhunan geron maƙwabcina. Ashe wandonsa ya kawo a rage masa tsawo! Ku yi dariyarku, ni a ranar kuka na yi.

A bayan buhunan nan na durƙusa. Na ce, “Ya Yesu, na gaji da ƙarya, na gaji da gudu. In tafiya ce, ba ni ƙarfin tafiya. In zama ne, kai ka zaunar da ni. Kada dai a raba ni da Alheri.”

Ranar Lahadi na dawo ikilisiya, na faɗa wa matar fasto komai. Ta kai ni Katsina wurin wata lauya. Lauyar ta gama saurarona, ta ce, “Gaskiya ne izininki yana cikin haɗari. Amma doka ta bai wa macen da ta taɓa auren ɗan Najeriya damar neman zama 'yar ƙasa, ko da auren ya ƙare. Ina takardar aurenku?”

Takardar kuwa tana Kurfi, a hannun mutumin da ko gaisuwa ba ma yi.

Na yi addu'a, na hau mota, na sauka gidan Inna, mahaifiyarsa. Tana sussukar dawa na zube na yi bayani. Ta ajiye taɓarya ta ce, “Ɗana ne ya rabu da ke, ni ban rabu da ke ba. Wa zai riƙa ɗinka mini zane?” Nan take ta aika aka kira shi. Ya kawo takardar, ya rubuta mini takardar shaida da hannunsa. Na roƙe shi gafara, shi ma ya roƙe ni. Ba mu koma aure ba, amma gaba ta ƙare.

Na je ofishin shige da fice da ƙafata, ni da ke ɓuya! An sha kai da kawo, an jira har na daina ƙirga watanni. Makon jiya na ɗaga hannu na yi rantsuwa. Yau ni 'yar Najeriya ce, kuma ba a raba ni da Alheri ba! Halleluya!

Na gode wa Ubangiji, na gode wa ikilisiyar nan. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ya sa ka ɓuya, fito ka kai wa Yesu, ka kuma nemi waɗanda suka san hanya. Wanda ya ji kukana zai ji naka. Amin!