Kan Jirgin da Clifford Ya Bari

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta garin Skipton, jirgi ya yi latti. Wata dattijuwa ta leƙa mujallar jiragen ƙasa da mutumin kusa da ita yake karantawa.

"Bawan Allah, kana da mata?"

"Ina da ita."

"To rufe wannan takarda, ka tausaya mata. Da irinta mijina Clifford ya fara, ya ƙare da sayo kan jirgi sukutum, mai cin kwal, tun daga Finland."

"Kai! Yana tafiya kuwa?"

"Ya tafi ina? Sai da aka sauke shi aka gane ƙafafunsa sun fi layin dogonmu faɗi da yatsa huɗu. Mutumin da ko ganyen shayi sai ya auna, wannan bai auna ba! Shekara ashirin da shida abin nan yana jibge a bayan gida, daidai inda nake shuka kabeji. Ko rana ba ta shiga kicin ɗina."

"Maigidan me yake cewa yanzu?"

"Me zai ce? Ya rasu bara waccan, ya bar ni da tulin ƙarfe."

"Allah sarki. Ai abu mai sauƙi ne, Mama. Ƙanena yana sayen tsohon ƙarfe. Kwana uku sun yanyanka shi sun kwashe, kin huta."

"Su yanyanka wa?"

"Ai na ɗauka..."

"Wanda na yi wa fenti makon jiya? Da wannan ciwon gwiwar na hau tsani! Ji mutum don Allah. Karanta takardarka, Malam, wa ya sa da kai?"