Saniyar Toukra da Hannun Ɗan'azumi

"Dakta, ki tausasa," in ji Alhaji Abdulgani, shugaban ƙungiyar Hausawan unguwar Habbena ta nan Chadi, yana miƙo mini makirufo. "Sarkin Fawa ya riga ya yanke shawara, yau za a karɓe teburin Ɗan'azumi a kasuwa. Ke dai yi bayanin cutar ki sauka."

Na ce to, na miƙe.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Shugaban taro, Alhaji Abdulgani. Liman Waliyyullahi, wanda ya ɗaura auren iyayena, kuma har yau bai fid da ran ɗaura nawa ba. Sarkin Fawa Yunusu da dattawan fawa. Dillalan shanu da masu fatu. Iyayena mata da aka zaunar a baya, inda fanka ba ta kaiwa. 'Yan'uwa da kuka rufe shaguna a kasuwar Grand Marché kuka taso. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya, ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan dama. Ga wanda bai san ni ba, sunana Lauratu Abdulnasir, likitar dabbobi ce ni. Da na dawo daga Dakar a 1994, gwaggona Talatu ta juya takardar shaidata gaba da baya, ta ce, "Duk wannan karatun, jaki za ki riƙa dubawa?" Gwaggo, yau ga ni a gaban mutane, kuma da albishir na zo. Wallahi tun asuba farin ciki ya hana ni zama wuri ɗaya. Amma sai na fara ba ku labarin da kowa ya ji rabinsa.

Baba Maryamu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'yan shanu a Toukra, can bayan gari, ta wayi gari saniyarta mai nono ta faɗi tana shure-shure, alhali jiya lafiya ta yi kiwo. Ta aika a kira mahauci, domin abin da muka gada ke nan: in dabba ta faɗi, a gaggauta sa mata wuƙa kafin rai ya fita, kada ta zama mushe mai ita ya yi asara biyu. Ɗan'azumi ya bar teburinsa, ya hau babur, ya same ta da sauran numfashi, ya yanka. Ya feɗe, ya kasa nama, maƙwabta suka yi watanda, kowa ya ɗauki kasonsa don a rage wa tsohuwa zafin rashi. Ko ladan fiɗa bai karɓa ba. Ku duba labarin nan daga farko har ƙarshe, ba za ku sami mugun mutum ko ɗaya a ciki ba.

Bayan 'yan kwanaki ƙurji ya fito masa a hannu, ya kumbura, tsakiyarsa ta yi baƙi kamar gawayi. Gidajen da suka ci naman kuma yara suka kwanta da ciwon ciki da zazzaɓi. Ciwon saifa ne, wanda tsofaffin makiyaya suka sani, wanda ke kayar da saniya farat ɗaya, baƙin jini ya riƙa fita ta hancinta ba ya daskarewa. Alhamdu lillahi an sami magani da wuri, yaran sun tashi, hannun Ɗan'azumi yana saɓewa.

To, batu na farko. Cutar nan gida uku gare ta. Tana zama a jikin dabba, tana zama a jikin mutum, tana kuma zama a ƙasa. Jinin da ya zuba a inda aka feɗe saniyar bai tafi ko'ina ba. Ƙwayar cutar tana kwance a wurin, tana iya yin shekaru tana jira, har damina ta zo, ruwa ya taso da ita, ciyawa ta fito kore shar, wata saniyar ta sunkuya ta ci. Ba mamaki saniyar Baba Maryamu abin da ta ci ke nan, ragowar wata da aka feɗe a wurin tun ba mu san Toukra za ta cika da gidaje ba. Kuma ba saifa kaɗai ke wannan tafiya ba. Bana, 2006, kun ji a rediyo yadda murar tsuntsaye ta shiga ƙasashen maƙwabta. Yawancin sababbin cututtukan da ke firgita duniya ta wannan hanya suke zuwa, daga daji zuwa garke, daga garke zuwa tukunya. Mu kuwa ai mun fi kowa sanin sha'anin hanya. Kakanninmu sun taso za su Makka, suka yada zango a nan don su huta, ga mu har yau muna hutawa. Cuta ma haka take: inda ta sami ruwa da inuwa da mutanen kirki, nan take sauke kaya.

Batu na biyu ya shafi mu masu karatu, kuma shi ne mai ban dariya. Cuta gida uku, mu kuma biro uku, wato ofis uku. Likitan mutane ya ga baƙin ƙurji, ya rubuta magani, ya rufe fayil. Likitan dabbobi ya ji saniya ta mutu, ya rubuta rahoto, ya rufe fayil. Mai kula da ruwa da ƙasa yana auna zurfin rijiya a gefen wurin da jinin ya zuba, ba wanda ya ce masa ko sannu. Motocinmu suna wuce juna a hanyar Toukra, direbobi suna ɗaga wa juna hannu, mu a baya muna karanta jarida. Dakta Yusuf, wanda ya duba hannun Ɗan'azumi, layinmu ɗaya da shi, masallaci ɗaya yake sallah da mahaifina, amma in zan aika masa labarin saniya sai takardata ta hau bene ta sauko bene, ta kwana a kan tebura, ta isa bayan an yi sadakar arba'in. Wannan ba laifin mutum ɗaya ba ne, haka aka gina mu. An raba mu a makaranta, aka manta ba a sanar da cutar ba.

Yaya aka yi wannan karon muka haɗu? Ɗan'azumi ne. Da Dakta Yusuf ya tambaye shi ko ya taɓa matacciyar dabba, yana iya cewa ƙwaro ne ya cije shi, ya karɓi maganinsa, ya saki hannun riga, ya koma teburinsa, ba wanda zai sani. Sai ya ce, "Dakta, ni na yanka ta, kuma akwai gidajen da suka ci, akwai yara." Ya lissafa gidajen ɗaya bayan ɗaya. Da hannu a naɗe ya zo ya buga mini ƙofa, ya ce, "Hajiya Dakta, zo in nuna miki wurin, kafin ruwa ya sauka." Da ya yi shiru, da yaran nan sai dai mu ji sanarwa.

Shi ya kawo ni batu na uku, kuma Baba Sarkin Fawa, da kai nake, cikin ladabi. An ce mini in tausasa, ga shi ina tausasawa. Na ji an ce Ɗan'azumi ya ɓata sunan fawar Habbena, mata sun daina sayen nama, don haka a karɓe teburinsa kowa ya ga an hukunta. Na fahimci zafin, kasuwa ta faɗi, kuma sunan sana'a a wuyanka yake. Amma Baba, wa ya koya masa gaggauta wuƙa? A cikin dattawan da ke zaune kusa da kai, wane ne bai taɓa yin gudu don ya riski saniya da rai ba? In kun kore shi yau, darasi ɗaya kowane mahauci zai ɗauka ya tafi da shi gida: wanda ya faɗi gaskiya ya rasa tebur. Gobe wani zai ga baƙin ƙurji ya sa riga mai dogon hannu. Jibi wata saniyar za ta faɗi, a feɗe ta a bayan katanga, naman ya shigo kasuwa ba tare da labari ba. Ranar nan ba Dakta Yusuf, ba ni, ba kowa da zai san gidan da za a nufa.

Na je wurin Liman na tambaye shi, don kada a ce 'yar boko ta zo sauya addini. Ya ce mini, "'Yata, wuƙa tana halatta nama, amma ba ta cire masa guba. Abin da zai cutar da bayin Allah ba a ba su, ko an yanka da bismillah." Ga shi nan zaune, in na ƙara masa gishiri ya gyara mini.

Saboda haka abin da nake roƙo kaɗan ne. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, kada a yanka, kada a feɗe, kada a ja fatar. A kira mu, mu ƙone ta ko mu binne ta da zurfi, a killace wurin. Watandar kuma kada a yi watsi da ita, a juya ta: waɗanda da za su ɗauki kaso, su haɗa hannu a saya wa mai asarar 'yar karsana, don kada talauci ya sa wani ya ɓoye.

Yanzu ga albishir ɗin. Ku leƙa ta taga, akwai mota kat-kat a ƙofa. Dakta Yusuf yana ciki da allurar rigakafin yara, mai kula da ruwa da ƙasa yana ciki da kayan awonsa, ga akwatin allurar shanu a baya, ga kujera ɗaya tawa. Mota ɗaya, jama'a! Tun da na fara aiki ban taɓa ganin haka ba. Za mu sauka a Toukra tare, a yi wa saniya allura a wannan inuwa, a yi wa yaro a waccan, a duba rijiya a tsakani, uwa ba za ta yi tafiya biyu ba. In ya yi kyau a Toukra, sai rugagen bakin kogin Chari, sai duk inda shanu ke sauka. Manya sun sa hannu, mai ya samu, direba ya karya kumallo. Abu ɗaya ne motar nan ba ta da shi, kuma ba a sayensa a kanti: mutumin da zai zo ya ce mana ga inda saniya ta faɗi. Irinsa guda ɗaya muke da shi a Habbena zuwa yanzu, yana tsaye a waje, an hana shi shigowa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah ya tsare garkunanmu da rijiyoyinmu da 'ya'yanmu. Allah ya ba Chadi zaman lafiya, ya ba dattawanmu ikon yin adalci, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Na gode.

Ba wanda ya tafa. Sarkin Fawa ya ɗago ya dube ni.

"Lauratu, allurar nan har da shanun da ke garkena?"

"Har da su, Baba."

Ya juya wajen dattawan. "A buɗe wa Ɗan'azumi ya shigo ya zauna. In hannun ya warke, teburinsa na nan."

Daga can baya wata ta rangaɗa guɗa. Alhaji Abdulgani ya fara neman wanda zai yi jawabin godiya, ni kuwa na ɗauki jakata. A bakin ƙofa muka yi kiciɓis da Ɗan'azumi, hannu a naɗe, yana cire takalmi. Na matsa masa ya wuce, na ja ƙofar ta rufe, na bar su suna gardamar wa zai fara kawo shanunsa.