Jam ko Kirim, Wanne ne Farko?

Ruwan sama ya sa mutane sun cika gidan shayi, dole Morwenna ta zauna teburi ɗaya da wani tsoho da ba ta sani ba. Ta tsaga ɗan burodinta na sikon, ta fara shafa jam kafin kirim ɗin madara.

"Baiwar Allah, kin ɓata shi," in ji tsohon. "Nan Devon kirim ake fara shafawa."

"Mu a Cornwall jam ne farko, Baba. Ci naka, in ci nawa."

"Bakinku ɗaya da matata, ita ma 'yar can ce! Tun ranar aurenmu muke wannan musu, ba ta taɓa raga mini ba."

"To je gida ku ƙarasa mana."

"Tana gidan kula da tsofaffi. Yanzu duk yadda na shafa mata, ci take. Har godiya take yi, wai na fi sauran ma'aikatan kirki, don ta daina gane ni."

Morwenna ta jawo kujerarta kusa.

"Baba, gaskiya kirim a ƙasa aikin banza ne."

"Yauwa!" Tsohon ya gyara zama. "Kawo hujjarki."