Akwatunan Amana a Kudai

Na san satar jin zancen mutane ba hali ba ne, amma a shekaruna nishaɗin da ya rage mini kaɗan ne. Ina zaune a ofishin masu ba da hayar ɗakin ajiya a unguwar Kudai ta Makka, wani mai furfura yana kan layi, na bayansa ya taɓa shi.

"Kayan gida ne suka yi yawa?"

"Ina fa! Akwatunan alhazai ne guda bakwai. Shekara hamsin ke nan da suka ba mahaifina amana, suka fita Arfa, ba su dawo ba. Ya rasu ya bar mini su a wuya. Gidanmu na unguwar Shisha ya matse, uwargida ta ce khalas, ya isa haka, ko su ko ita."

"Ka taɓa buɗewa?"

"Amanar? A'uzubillahi!"

"Madalla. Akwai kore, ɗaure da igiyar kaba?"

Mai furfura ya juyo gare shi.

"Wa ya gaya maka?"

"Likkafanina ne a ciki. Na ce wa babanka Wada kwana biyar zan yi. Ajiye shida, ka ba ni nawa."

Na ɗaga kai na dubi na bayan. Bai kai shekara talatin ba.