Jikin da Bai Jin Tiramol

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ɗauke mana kaya.

Kun san ni, Yohanna mai gyaran injin ban-ruwa. Kun kuma san babana ɗan tauri ne, wuƙa ba ta cin shi, har ya koma ga Ubangiji mutanen Tsamaye ba su bar faɗi ba.

Bara babur ya kada ni kan hanyar Kamarawa, cinya ta karye. Asibiti anka ba ni tiramol don rage zafin ciwo. Wanda ke gadon kusa da ni, guda ɗaya yash sha, sai minshari. Ni kuwa kamar na haɗiyi tsabar gero. Ina kuka, gardi da gemu.

Sai magana ta tashi: wai na sha tauri wurin baba, shi ya sa magani bai kama ni. Wani dattijon ikilisiya ya zo dubiya, yac ce, "Yohanna, in akwai abin da kab binne, ka tone. In ba haka ba, za mu dakatar da kai daga Jibin Ubangiji."

Wannan ta fi karayar ciwo. Har Rahila matata ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, "Maigida, ko kana yaro anka ba ka?" Na ji haushi ƙwarai. Na juya ga bango nic ce, "Ya Yesu, kai kas san cikina. Ka yi magana, ni na gaji."

Da safe wata likita Bayarabiya ta zo zagaye. Ta ga tsagen fuskata, tac ce, "Kai Bagobiri, haka kuke da ragwanci?" Sannan ta zauna ta saurare ni. Tac ce wanga magani sai hanta ta juya shi kafin ya yi aiki. Wasu hantarsu ba ta juya shi, wasu kuma ta juya da yawa har numfashi ya tsaya. Gado ne, kamar tsawo da gajarta. Ta hana a ƙara mini, ta sake mini wani magani.

'Yan'uwa, na yi barci har anka tashe ni shan kunu!

Dattijon ya dawo, ya ji bayanin likita, ya riƙe hannuna ya nemi gafara. Lahadin da ta wuce, shi da kansa ya miƙo mini gurasa wurin Jibin Ubangiji.

Na gode wa Allah da ya saƙa ni a cikin mahaifiyata, ya san har hantata. In ɗan'uwanku ya ce ciwo bai sake shi ba, ku yarda da shi, ku kai shi wurin likita, ku dogara ga Ubangiji. Amin.