Feshi Ya Cinye Kajijin Fadamarmu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da kai da masu saurare. Tsoho ne ke rubuto muku daga wani ƙauye kusa da Roni. A yi haƙuri da rubutun.

A bakin fadamar bayan garinmu kajiji ke fitowa, ciyawar nan da ake tono saiwarta a yi turare. Da shi marigayiya matata ke turara ɗakinmu. Tun rasuwarta nakan dogara sanda in je in tono kaɗan, in mayar da ƙananan saiwoyin cikin laka don ya sake tofowa, kamar yadda iyayenmu suka koya mana.

Bana maƙwabcina ya karɓi wajen zai shuka shinkafa. Na tarar da shi goye da tankin feshin maganin kashe ciyawa, na ce, "Ɗana, ka bar mini bakin ruwan nan." Ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ciyawa kake roƙa wa arziki? Je ka huta, zan sayo maka na leda a Kazaure."

Ya feshe wajen tas. Da na koma, kara ya ƙone, saiwa ta ruɓe. Ban hana kowa noma ba, amma ƙafata ba za ta kai ni wata fadamar ba.

Malam, wa zan kai wa kukana, mai unguwa ko malamin gona? In kuma wani a Gwiwa ko Babura yana da kajiji mai rai, ya taimaka mini da saiwa, in dasa a gindin randata.