Ilimi Mita Shida

A ɗakin jira na wata gidauniyar ilimi a Amman, Abu Ziyad na zaune da kwalayen littattafai, wata dattijuwa ta matsa masa.

"Zauna sosai, Ustaz. Ni ajin koyon karatu na zo shiga, amma kunya za ta mayar da ni gida. Furfura da fensir!"

"Wane Ustaz, Hajja? Kyautar littattafaina na kawo, ma'aikaciyarsu ta buɗe guda, ta tarar shafukan a manne, yadda suka fito daga maɗaba'a."

"Duka?"

"Duka ɗari ukun. Da na gina ɗakin baƙi, mai shagon littattafai ya ce wane fanni nake so, na ce mita shida, masu ruwan zinare, su dace da labule. Shekara talatin unguwa na kawo mini shari'a. In shafa gemu, in kalli kantar littattafan, in ce malamai sun yi saɓani."

Ta yi dariya har da hawaye.

"To ni ban iya karatu ba, kai ba ka yi ba."

Ya sunkuyo, ya rage murya.

"Hajja, ajin naku ana karɓar masu gemu?"